Rasuwar Manjo, Babur Ɗan Ingila Mai Yoyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce mai cike da baƙin mai, Lindsay Treloar na garin Burra yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa rai ya yi halinsa. Manjo, babur ɗinsa ɗan Ingila, ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi a kan hanyar Morgan, bayan doguwar jinya da ta fara tun ranar da aka sauke shi daga jirgin ruwa.

An haifi marigayin a Birmingham, zamanin da maƙeran can suka yi ittifaƙi cewa babur ba sai ya tashi ba, in dai ya yi kyau a tsaye. Kyau kuwa ya yi shi. Tanki baƙi wuluk da zanen ruwan zinariya, salansa biyu suna ƙyalli, ga murya, dum-dum-dum, har cikin ƙirjin mutum. Da muryar nan Lindsay ya shawo kan Noelene. Ranar da ya fara ɗaukarta yawo, ita ta turo su gida, amma duk da haka ta aure shi.

Marigayin mai kamun kai ne, ba ya yawon dare, domin fitilarsa ba ta taɓa amincewa da duhu ba. Mai kyauta ne, duk hanyar da ya bi sai ya bar wa jama'a noti ko kusa sadaka. Ba shi da garaje. A buga masa kik har gumi ya keto, sai ya ce kof, kof, ya yi shiru yana nazari. In aka matsa masa ya rama da harbi, gwiwar Lindsay ta dama shaida ce.

Riƙon amana kuwa, sai wanda ya gani. "Manjo bai taɓa ba ni kunya ba," in ji Lindsay, kuma yawanci yakan faɗi haka ne yana ɗaure shi a bayan a-kori-kurar da Noelene ta yi shekara arba'in tana bin su da ita kowace Lahadi, da igiya da butar shayi.

Abu ɗaya ya tsaya wa Lindsay a rai. Duk shekara ƙungiyar masu tsofaffin babura na hawa daga Burra zuwa Morgan, bakin kogin Murray, kuma Manjo bai taɓa isa da tayarsa ba. Neville, ƙanin Noelene, mai babur ɗan Japan, ba ya gajiya da tsiya.

"Yaya Lindsay, bana ma a kwance mai martaba zai iso?"

"Kai dai rufe mana baki. Naka ai firji ne mai taya, ba shi da rai."

"To, firji dai yana aiki!"

Ga yadda ajali ya zo. Kamar duk ɗan gidansu, Manjo yoyon baƙin mai yake yi, kuma Lindsay bai taɓa leƙa tankin baƙin man ba, yana ganin hakan raini ne. Daɓen gareji yake dubawa. Kowace safiya ya ƙare wa tabon kallo, ya zuba daidai abin da ya zube. Bana sai ya rantse zai kashe yoyon kafin hawan Morgan. Ya kwance, ya liƙe, ya ɗaure. Da safe tabo na nan. Ya sake, tabo na nan. Tsoho ya daina cin abinci, ya zauna a kan bokiti yana kallon daɓe kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Wata safiya ya shiga, daɓe fes. Washegari ma fes. Wayyo murna! Ya kira 'yan ƙungiya, aka gasa nama, aka yi layi ana kallon busasshen siminti. Tunda babu abin da ya zube, bai zuba komai ba.

Ranar hawa Manjo ya tashi da kik ɗaya, abin da ya kamata ya tsorata kowa. Ya yi gudun da bai taɓa yi ba, har ya wuce Neville. Ana hango itatuwan bakin kogi ya ce ƙiii, ya ce ƙwas, injin ya buga. Babu ɗigon baƙin mai a cikinsa.

Noelene ta tsayar da mota, ta fito babu igiya, babu shayi.

"Tsoho, ni ce. Ni nake goge tabon kullum kafin ka tashi. Na kasa ganinka a kan bokitin nan."

Lindsay ya daɗe yana kallon kogin, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Kin ga dai na wuce Neville?"

"Na gani."

Marigayin ya bar mai shi, da matar mai shi, da kwali bakwai na kayan gyara waɗanda babu wanda ya dace da shi, da wani noti da aka cire tun tuni ba a gano gurbinsa ba. Ya kuma bar Neville, wanda ya rasa abin tsokana, ya koma abin tausayi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Gawa za ta zagaya gari a bayan a-kori-kura, yadda ta saba. Neville zai ja gaba, tunda dole a sami babur ɗaya da zai kai. Daga nan a wuce da ita falon gida, inda Noelene ta hana ta shiga shekara arba'in, yanzu kuma ita da kanta ta matsar da kujeru. Kada a kawo furanni, a zo da ƙarfin ɗauka.

Roƙo ɗaya ake yi wa masu zuwa ta'aziyya. Duk wanda ya ga ɗigon baƙin mai a kan darduma, ƙarƙashin injin da babu komai a cikinsa, ya yi shiru da bakinsa. Noelene ce ke ɗiga shi kowace safiya, kafin Lindsay ya tashi.