Ba-Yanzu-Ba da Sarkin Tsatsa

Allah ya yi mutane iri-iri, amma bai yi na biyun babban jami'in sito ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yana tafiya kamar kullum ana ɗaukar hotonsa. Kafin ka gan shi za ka ji shi, domin makullai goma sha ɗaya ne rataye a ƙugunsa, suna yi masa kiɗa tun daga gindin matakala har ƙofar ofis. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da siton ma'aikatar, kuma a tsawon zamanin nan ba a taɓa jin allura ta ɓata ba. Ba a kuma taɓa jin ta fito ba.

A jikin ƙofarsa akwai allon da shi da kansa ya sa aka rubuta masa: Babban Jami'in Adana Kaya da Tanadin Gobe. Ma'aikata dai, da yake ba su da numfashin faɗin wannan duka, suna kiransa Ba-Yanzu-Ba.

Sunan bai faɗo daga sama ba. Idan sakatariya ta zo neman biro, sai ya cire tabarau, ya dube ta da tausayi irin na wanda ya san abin da ke zuwa.

"'Yata, biro akwai. Kwali-kwali ne ma. Amma ba yanzu ba. Akwai babbar rana tana tafe, ranar da za a nemi biro da hawaye a rasa. Ranar nan za ku san wanda ya rufa muku asiri."

Saboda wannan hangen nesa, sakatariya takan zo da bironta daga gida. Direba yakan zauna a kujera mai ƙafa uku, gwangwanin fenti ne ƙafarta ta huɗu. Ƙwan lantarkin baranda kuwa ya mutu shekara uku da suka wuce, mutane sun haddace hanyar da tafin hannu. Duk da haka kowa ya san ma'aikatar mai arziki ce, domin a bayan sito akwai ɗakin ciki, inda sababbin kujeru da fankoki da takardu da ƙwayayen lantarki suke kwance cikin aminci. Kwaɗon ƙofar ya kai tafin hannun ƙato. Shekara goma sha ɗaya ba a buɗe ba, shi kansa ba ya shiga, wai kada iska ta rage wa kaya ƙarko. Makullin wannan ɗaki ba ya cuɗanya da talakawan makullai na ƙugu. A wuya yake rataye shi, a cikin riga, kusa da zuciya.

A gida ma haka abin yake. Kujerun falo suna cikin ledarsu. Kofunan gilashi suna cikin kabad suna kallon duniya. A saman kabad ɗin akwai gwangwanin biskit da matarsa ta daina tambayar ranar buɗe shi.

Da likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi abin da zai huta da shi, sai babbar 'yarsa ta sayo masa na'urar wasan bidiyo ta haɗa masa da talabijin. Da farko ya taɓe baki ya ce kayan yara ne. Sai ya lura jarumin wasan yana rataye da jaka, kuma duk abin da ya tsinta yana iya zubawa a ciki.

"Ashe har a can an san darajar ajiya!" in ji shi, ya gyara zama.

Labarin wasan na wata ƙasa ne da wani azzalumi, Sarkin Tsatsa, ya addaba. Duk ƙarfen da numfashinsa ya taɓa sai ya ruɓe. Gadoji sun karye, ƙararrawa ta daina magana, garma ta zama gari a hannun manomi. Jarumi zai ƙetare kwari bakwai kafin ya kai fadarsa, kuma a kowane kwari, idan iska ta taso daga dutse, sai a ji muryar sarkin tana gunji daga nesa, tsuntsaye su watse, tsofaffi su rufe tagogi.

Wata bakwai Ba-Yanzu-Ba yana wannan tafiya, kowace Asabar da Lahadi da rana. Wasan ya ba shi kwalaben magani, ya ajiye. Ya ba shi kibiyoyin wuta, ya ajiye. Ya ba shi takobin walƙiya wanda sau ɗaya tak ake sara da shi, ya kai shi can ƙasan jaka. Da sandar da aka ba shi ranar farko ya yi ta fama da kuraye da dodanni. An kashe shi ya fi sau ɗari uku, yana faɗuwa da maganinsa cike da jaka. Wata tsohuwa a cikin wasan ta roƙe shi kwalba ɗaya don jikanta, ya danna "a'a" ba tare da ya ƙifta ido ba.

"Baba, don Allah ka harba kibiya ko ɗaya ce mana," in ji 'yarsa a waya.

"Ba yanzu ba. Ke kin san abin da ke jirana a fada?"

Ana nan sai aka kawo sabuwar shugaba, doguwar mace mai ƙarancin magana. Ranar da ta fara aiki ta yi tuntuɓe da bokitin shara a cikin duhun baranda. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai aiko da takarda mai layi uku: ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe goma za a buɗe ɗakin ciki, a raba kaya, makullin kuma ya koma ofishinta.

Ba-Yanzu-Ba ya karanta, ya dafe ƙirji, ya ji makullin yana nan. A wannan makon ne kuwa jaruminsa ya iso ƙofar fadar Sarkin Tsatsa, kuma mutum mai basira irin tasa ba ya ganin irin wannan ya ce katari ne. Ya rubuta takardar koke cewa a bar makulli a wuyan da ya saba, ya gayyaci sakatariya da direba gidansa ranar Asabar.

"Ku zo ku gani da idonku abin da ajiya take yi a babbar rana. Idan kun gani, ku da kanku za ku roƙe ni in ba ku takardar ku sa hannu."

Suka zo, suka zauna a kan leda, tana ƙara duk lokacin da suka motsa. Matarsa ta kawo shayi. Don a san ranar ba kamar kullum ba ce, ya hau kujera ya sauko da gwangwanin biskit, ya buɗe shi a hankali kamar mai buɗe wasiyya. Direba ya ɗauki ɗaya, ya gatsa, ya tsaya yana tunani.

"Yallaɓai, tsakanina da biskit ɗin nan wa zai gaida wani?"

Ba-Yanzu-Ba bai kula shi ba. Ya buɗe jakar jarumi a kan allon talabijin: kwalba casa'in da tara, kibiya ɗari huɗu, takobi yana ƙyalli a ƙasa.

"Ku duba da kyau. Wawa da tuni ya shanye, ya harbe, ya sare. Ni na sha wuya, na mutu, na tashi, ban taɓa ko ɗaya ba. Yau za ku ga yaƙin da za ku ba jikokinku labari. Uwar yara, saki labulen nan. Kada wanda ya yi tari."

Jarumi ya hau matakala dubu. Ganguna suna ta tashi, sama ta yi ja, muryar sarkin tana girgiza gilashin kabad. Sakatariya ta ajiye kofinta. Har direba ya daina tauna. Jarumi ya sa kafaɗa ya tura ƙofar ƙarfe, ta buɗe.

Ga sarkin nan a kan karaga, tsawonsa ya kai bene, sulke tun daga kai har ƙafa, mashi a hannun dama. Ba-Yanzu-Ba ya shiga jaka yana zaɓe. Ya kai hannu kan takobi, ya janye.

"Ba yanzu ba. Sai ya fusata tukuna."

Yana cikin wannan shawara iskar da ta biyo ƙofa ta ratsa zauren, 'yar iska mai sanyi wadda ko fitila ba za ta kashe ba. Hular sarkin ta karkace. Ta faɗo, ta gangaro matakalar karaga, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ta tsaya a gaban jarumi. Hannu ya bi ta, ƙirji ya rufta, kafin a ƙirga biyar babu komai a kan karagar sai tulin jan gari. Wani ɗan ɓera ya fito daga cikin takalmin sarkin, ya dubi jarumi, ya wuce abinsa.

Rubutu ya bayyana a hankali, ana busa sarewa mai taushi. Wai numfashin sarkin ya cinye shi tun shekaru masu yawa, gunjin da ake ji kuwa iska ce take wasa a cikin sulken da babu kowa. Daga nan sai sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka fara hawa sama.

"Yallaɓai, an fara ne?" in ji direba.

"Malam, an gama ne? In kwashe kofuna?" in ji matarsa.

Ya danna nan, ya danna can. Jakar ma ta ƙi buɗuwa. Sakatariya ta cusa fuska a cikin gyalenta, kafaɗunta suna rawa, ta ce wai shayi ne ya sarƙe ta.

Sai ya miƙe, makullai suka yi ƙara.

"Wannan cin mutunci ne! Wata bakwai! Mutum mai karaga, mai suna, wanda ake rufe taga idan an ji muryarsa, a ce iska ce za ta kayar da shi? Ko mari ba a yi ba! Babban mutum ba ya faɗuwa haka. Ai sai a bari ya yi jawabi, a yi gumurzu, ƙasa ta tsage, sannan in faɗuwar ce ya faɗi da girmansa. Waɗannan yaran da suka tsara wasan nan ba su taɓa riƙe muƙami ba!"

Duk da haka ya ɗauko takardar koke, ya ɗauko sabon biron da ya ajiye shekara shida don sa hannu na musamman. Direba ya goga a takarda, ya hura masa iska, ya goga a tafin takalmi. Ko ɗigo.

"Bari sai Litinin, Yallaɓai. In an raba biro zan sa maka hannu."

Ranar Lahadi bai kunna talabijin ba. Ya zauna ya rubuta jawabi shafi tara, da fensir. Ya tsara yaƙin dalla-dalla: za ta nemi makulli, ya ƙi. Ta sake nema, ya kawo tarihi. A karo na uku, idan ta haɗa da roƙo, zai cire shi daga wuya a hankali, kowa yana hawaye. Ya gwada wa matarsa sau biyu, ta ce ya yi kyau, sai dai ya rage wurin da yake kwatanta kansa da dutse.

Litinin da ƙarfe goma saura kwata yana tsaye a gaban ɗakin ciki, cikin kayansa mafi tsada, waɗanda su ma ranar ce fitarsu ta farko. Ma'aikata suka cika sito. Shugaba ta iso da ƙarfe goma daidai.

"Ranki ya daɗe," ya fara, ya ɗaga shafi na ɗaya, "tun ran da aka halicci ɗan Adam aka halicce shi da hannu biyu, ɗaya na karɓa, ɗaya na riƙewa..."

Direba ya ga alamar tafiyar mai nisa ce, ga shi babu kujera. Sai ya ɗan jingina kafaɗarsa da ƙofar ɗakin ciki don ya huta.

Ƙusoshin da suke riƙe da ƙarfen kwaɗon sun daɗe da zama gari, katakon kuma gara ta gama da cikinsa, fenti kawai ya rage yana rufa masa asiri. Ƙofar ta yi ɗan nishi ta buɗe. Direba ya tafi da baya ya zauna a kan sabuwar kujera, ta lotse da shi har ƙasa. Kwaɗon yana nan a kulle, yana lilo, bai san an wuce shi ba.

Aka leƙa. Gara ta yi wa takardu ado kamar leshi. Birorin nan na babbar rana sun bushe kwali-kwali, gam ya zama dutse, fankoki sun yi ja kamar an shafa musu jar ƙasa. Sakatariya ta tona wani kwali ta fito da ƙwan lantarki, aka gwada, ya kama.

"Madalla, an buɗe," in ji shugaba. "A sa wannan a baranda, sauran a share. Mun gode, babban jami'i."

Ta juya za ta fita. Shi kuwa yana tsaye, shafi na ɗaya a hannun hagu, takwas a aljihu, hannun dama ya riga ya ciro igiyar daga wuya.

"Ranki ya daɗe... makullin fa?"

Ta waiwayo, ta dubi makullin, ta dubi ƙofar.

"Riƙe abinka."

Direba ya taso yana kaɗe wando, ya dafa kafaɗarsa cikin ladabi.

"Adana shi da kyau, Yallaɓai. Akwai babbar rana tana tafe."