Rasuwar Bake, Motar Koyo Mai Birki Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata kunya da ba a saba sa irinta a takardar rasuwa ba, iyalan Baba Sabi Gunu, malamin tuƙi na unguwar Banikanni a garin Paraku, ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya fara riƙe sitiyari a hannun Baba, rasuwar motarsu ta koyo, Bake. Ta rasu ranar Talata da hantsi a gangaren kasuwar doya, tana tsaye cak a inda doka ta ce a tsaya. Shekararta ashirin da ɗaya a gidan nan. Waɗanda ta yi a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano, ba wanda ya san adadinsu.

Marigayiyar ƙaramar mota ce fara, da allon makaranta ɗaure a kanta. Baba yana da 'ya'ya mata biyu, Yon da Bona, sai ya ba ta sunan da ake ba 'ya ta uku a al'adarsu, kuma ba a taɓa jin wani a gidan ya yi gardama ba. Da birki ɗaya ta zo, kamar kowace mota. Akambi bakanike, abokin Baba tun suna samari, shi ya ƙara mata na biyu a gaban kujerar gefe, ya haɗa su da sandar ƙarfe, don malami ya iya tsayar da ita idan ɗalibi ya rikice.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. An murɗa mata giya ba a taka kuloci ba, ta ce ƙarrr, ta haƙura. An kashe ta a gaban danja fiye da yadda za a ƙirga, 'yan zemi masu haya da babur suna zagaye ta suna tambayar ko gawa aka ɗauko, ba ta taɓa ƙin tashi ba. Da safe takan ce kir-kir-kir sau uku, ta yi shiru kamar mai tunani, a na huɗu ta amsa. Ta koyar da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da matan da mazajensu suka gaji da kai su biki, da wani tsohon soja da ya yi wata biyar yana neman ribas.

Babban abin alfaharinta shi ne, a shekara ashirin da ɗaya ko akuya ba ta taɓa gogewa ba. Fentin gabanta na asali ne. Saboda haka mutane ke kawo 'ya'yansu daga unguwannin Titiru da Albarika, suna cewa a nan ne ake koyon tuƙi ba tsawa, ba karo.

Rashin tsawar yana da tarihi. Baba ya fara ne a yaron mota a hanyar Malanbil, wajen wani maigida da ke koyar da birki da bel ɗin inji: idan ka makara, ka ji shi a wuya. Har yau akwai tabo a bayan kunnensa. Ranar da ya buɗe makarantarsa ya yi alkawari ba zai taɓa daka wa ɗan wani tsawa ba. Ya kuma cika. Idan ya hango babur zai faɗo daga lungu, ko motar gaba ta fara rage gudu, ba ya cewa komai. Sai ya ɗora ƙafa a nasa birkin a hankali, tun ɗalibi bai ga abin ba. Kafin ɗalibin ya ankara ya kai tasa ƙafar, mota ta riga ta lafa. Sai Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla, ɗalibi ya koma gida yana jin kansa direba.

Birkin nan na biyu yana da ɗan kuka, ƙiiƙ, siriri kamar na ɗan tsako. Kullum bayan ya dawo masallaci da asuba, Baba kan durƙusa ya ɗiga masa mai, don kada ɗalibi ya ji ya san an taimake shi, gwiwarsa ta yi sanyi. Ya ɗauki wannan a matsayin mutunci. Akwai kuma son fentin Bake a ciki, wannan bai taɓa musu ba. Jarrabawar lasisi kuwa ba ta tona komai: a yi ribas tsakanin sanduna, a zagaya fili a hankali, ba mai faɗo maka daga lungu.

Marigayiyar ta yi fama da ciwon tsufa, tari da yoyon mai, amma ba su ne ajalinta ba. Ranar Talata tana ɗauke da Baba da wata ɗaliba. A ƙasan gangaren wata mai tallar wagashi, wato cukun nonon shanu, ta shiga titi da faranti a kai, Bake ta tsaya mata. Sai wata a-kori-kura cike da doya ta sauko ta baya. Shaidu sun ce direban ya ga motar tun daga nesa, sun ce ba gudu yake yi ba, sun ce ya kai ƙafa kan birki, amma a makare, kuma kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. Kalmar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayiyar ita ce ƙwam, sai allon kanta ya faɗo yana juyi a kwalta. Ɗalibar ta fasa leɓe. Mai wagashi ta tsira, wagashin bai tsira ba.

Da direban ya sauko, sai ga Zime, wanda ya karɓi lasisi a hannun Baba watan jiya. Kwanansa huɗu da fara aiki. Ya tsuguna a tsakiyar doyar da ta watse, ya riƙe gefen rigar Baba.

"Baba, wallahi na taka. Yadda nake taka wa Bake haka na taka. Ita da na ɗora ƙafa take tsayawa. Wannan me ya sa ta ƙi?"

Mutane sun taru suna jiran su ji tsawar da Baba ya riƙe shekara ashirin da ɗaya. Bai yi ba. Ya ɗauki allon makarantar, ya goge shi da hannun riga, ya tsaya riƙe da shi har aka zo aka ja motar.

A gareji Akambi ya shiga ƙarƙashinta da fitila, ya daɗe, ya fito ya ce ƙashin bayanta ya karye, babu mai ɗora shi. Da ya ji abin da Zime ya faɗa, sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Sabi, kai dai tun muna yara kake da taurin kai a ɓoye. Sau nawa na ce ka bar birkin nan ya yi kuka? Ni na sa shi don ranar tsautsayi, kai ka mai da shi goyo."

Baba ya ce ai gani ya yi yara ne, tsoro suke ji. Akambi ya ce gara su ji tsoron a gefenka da su je su ji shi a bayan tirela. Daga nan sai Akambi ya aika aka sayo musu ruwan sanyi, ba wanda ya sha.

Marigayiyar ta rasu ta bar Baba Sabi, da yayyenta biyu, da tayar safaya ɗaya wadda ba abin da ya same ta. Ta kuma bar ɗalibai sama da ɗari tara, suna kan hanyar Jugu da ta Ndali da ta Kwatano, da lungunan garin nan. Yawancinsu hanya ta koya musu abin da Bake ta ɓoye musu, kuma sun tsira. Amma tun ranar Talata Baba yake zaune a ƙofar gida yana tuno waɗanda hanyar ba ta jira ba. Akwai mai kantin maganin da ya shige bayan motar auduga shekara shida da suka wuce, aka ce ruwan sama ne. Akwai malamar da har yau take ɗingishi, aka ce waya take amsawa. Duka ta baya suka daki motar gaba. Baba ya je gaisuwar kowannensu, ya zauna a tabarma, ya ce ƙaddara ce, kuma a lokacin da gaske yake.

Ya ɗauko littattafan rajista, Bona na karanto lambobi yana kira. Rabi ba sa shiga. Waɗanda suka ɗauka, kafin ya gama bayani sun fara yi masa ta'aziyya, suna cewa malami irinsa ba a sake yi ba, ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga musu murya ba. Wani har ya yi kuka don Bake. Ba wanda ya gane abin da ake ƙoƙarin faɗa masa.

A cikin magadan akwai wadda ta hana Baba cin abinci. Sunanta Ganigi, rana ɗaya suka karɓi lasisi da Zime. Mijinta ya rasu bara, tana da yara uku, kuma wata makarantar renon yara ta ɗauke ta tuƙa ƙaramar bas ɗinsu. Za ta fara ranar Litinin, idan an koma hutu. Yara goma sha takwas ne, kuma hanyarsu ta gangaren kasuwar doya take bi. Baba da kansa ya rubuta mata takardar shaida, ya ce a duk ɗalibansa na bana babu mai natsuwarta.

Ranar Laraba ya hau zemi ya je gidanta. Ya same ta tana gugar rigar aiki. Ya faɗa mata komai, har da man da yake ɗigawa. Ta saurare shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, sannan ta ce ta san rashin Bake ya taɓa shi, ya kamata ya huta.

"'Yata, ba ke kike tsayar da motar ba. Ni ne."

"Haba Baba. Wata uku ina tuƙi, ƙafata ce a kan birkin, ina ji. In ka je ka faɗa wa mai makaranta wannan magana, wa zai ciyar min da yaran nan?"

Baba ya fito. Ya yi ta tafiya a ƙasa har ƙofar makarantar renon, ya tsaya yana kallon bas ɗin a inuwar mangwaro, an zana mata agwagi a jiki. Maigadi ya tambaye shi wa yake nema. Ya ce ba kowa. Washegari ya koma, wannan karon ya shiga. Mai makarantar ta buɗe fayil, ta nuna masa lasisin Ganigi, ta nuna masa takardar da ya sa wa hannu, ta tambaye shi wanne ne na ƙarya a ciki. Ya ce babu. Ta ce to ita da takarda take aiki, kuma ba ta da wani direban kafin Litinin. Ya roƙi wata makarantar tuƙi aron mota na yini ɗaya don ya sake koya wa Ganigi birki, suka ce tasu ɗaya ce, ɗalibai sun cika ta har ƙarshen wata.

Jana'iza za ta kasance ranar Asabar, in Allah ya kai mu. Ba za a yi mata salla ba, mota ce. Da ƙarfe takwas na safe za a jawo ta daga garejin Akambi zuwa filin ƙwallo na bayan firamaren Banikanni, don masu son ganinta na ƙarshe. Da ƙarfe goma masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su tafi da ita. Akambi ya ce zai kwance birkin na biyu da hannunsa, ba zai bari a sa wa wata motar ba. Za a yi sakwara da miyar gyaɗa ga waɗanda suka zo daga nesa.

Iyalan ba sa karɓar gudummawa. Abin da suke roƙo shi ne, duk wanda ya koyi tuƙi a cikin marigayiyar, musamman 'yan shekaru biyun nan, ya zo da motar da yake tuƙawa. Bayan an tafi da gawa za a ja layi a filin, Akambi zai riƙa jefo kwali gaban mota babu sanarwa don a ga ko direba zai tsaya, Baba kuma zai zauna a kujerar gefe ya naɗe ƙafafunsa, ba zai taɓa komai ba. Zai kasance a wurin har la'asar, ko mutum ɗaya ne ya zo. Ranar Lahadi ma haka. Masu tahowa su bar tazara mai yawa tsakaninsu da motar gaba.

Wanda ke maƙwabtaka da Ganigi, don Allah ya karanta mata wannan takarda. A ce mata ba wanda zai faɗa wa kowa abin da ya faru a filin, ta zo ko da gaisuwa ce kawai, in da hali ta zo da bas ɗin babu kowa a ciki. Yaran za su fito bakin titi ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe.