Uwar Ranaku Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da cikin da babu komai a cikinsa, ni Sama'ilu na Gidan Gawo nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙiya waɗanda suka riga kowa ji, rasuwar rediyona, wadda aka fi sani da Uwar Ranaku. Ta rasu ranar Alhamis gab da magariba a tsakar gidana, bayan gajeriyar jinya da ba ta wuce saukar taɓarya ɗaya ba.

Na sayo marigayiya a kasuwar Ɗambatta shekarar da gyaɗa ta yi albarka, zamanin da mutum kan ci ya ƙoshi har ya nemi labari. Baƙa ce, 'yar madaidaiciya, mai gajeren zango da rigar fata. Ba ta taɓa sa wa hatsin kowa ido ba. Batir biyu ne abincinta, kuma da tsada ta zo ba ta yi ƙorafi ba: in na shanya mata su a rana na ɗan ciccije su, sai ta karɓa da godiya. Matata Hure ba ta taɓa kama ƙafarta a haƙuri ba.

Kowace safiya takan yi gyaran murya, "shhh, ƙrrr," sannan ta ce, "A rana mai kamar ta yau." Daga bakinta mutanen garin nan, waɗanda ko shekarunsu ba su sani ba, suka ji cewa wani Bature makaɗi, wanda ya mutu tun ba a haƙa rijiyar garinmu ba, ana bikin zagayowar ranar haihuwarsa. Badaru mai amalanke ya tambaya ko za a yanka rago, in kuma za a yanka, a wace unguwa. Ita ce ta sanar da mu Ranar Barci ta Duniya, wadda maƙwabcina Basiru ya raya fiye da kowa, domin shi dama tun da aka haife shi a cikinta yake. Ita ce kuma ta kawo mana Ranar Bayan Gida ta Duniya, a shekarar da ba mai abin da zai kai can.

Albarkacinta nake da gefen tabarma mai inuwa a majalisar gindin darbejiya. Ni ba gonar kirki ba, ba sana'a ba, ranaku su ne jarina. Ba a buɗe hira sai na iso na faɗi ko yau ranar mece ce. A gida ne kaɗai ba a san darajar ilimi ba. Hure ta sha rantsuwa cewa duk ranar da na ƙara ɗibar kwanon dawa na kai wa mai batir, zan ga wata rana da rediyo ba ta sanar ba.

Ga yadda ajali ya sauka. Bana ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, ɗan geron da aka samu kuma tun a gona aka gama da shi. Ranar Laraba da safe marigayiya ta yi gyaran murya ta ce, "Yau ce Ranar Wanke Hannu ta Duniya. Gobe kuma, in Allah ya kai mu, Ranar Abinci ta Duniya."

Jama'a, ku yi mini adalci. A gidan uban wa ake ce wa baƙo ya wanke hannu in ba akushi ne ke tafe ba? Haka na fassara wa majalisa, kuma ba wanda ya musa. Dattijo Usaini, wanda yanzu yake yawo yana cewa shi tun farko bai yarda ba, da idona na gan shi ya wanke har gwiwar hannu, da toka. Ran nan rijiyar garinmu ta ga hannuwan da rabonsu da ruwa, in ba na alwala ba, tun babbar salla.

Washegari gari ya tashi ɗungurungum sai Ɗambatta, inda muka ji za a yi bikin, kowa da buhu. Badaru ya ɗaura wa shanunsa amalanke, su ma ƙasusuwa a waje. Aka ɗora tsohuwa Kulu a kai, kada a je a ce sai an ga mutum da ido. Hure ta sayar da kazarta ta ƙarshe, tana kan kwanci, domin kuɗin motar da za ta ɗauko mana kasonmu.

Muka tarar da rumfa da kujeru. Wani mai kwat ya tashi ya yi dogon bayani cewa jiki ba ya ginuwa sai da ƙwai da madara da kifi kullum. Aka tafa. Aka raba wa kowa takarda mai hoton ƙwai. Ni dai na faɗi gaskiya a wurin, na ce ko ba komai ƙwan ya fito raɗau.

A hanyar dawowa ba wanda ya tanka mini, ko zagi ban samu ba. Ina shiga gida na kunna marigayiya domin in ji ko mu ne muka saɓa wuri. Hure na tsaye bakin turmin da babu komai a ciki, yara sun zagaye ta, hannuwa tas. Sai marigayiya ta ce, da muryar nan tata mai sanyi, "An kammala bikin Ranar Abinci a faɗin duniya cikin nasa..." Ba ta ƙarasa nasarar ba.

Ina shaida marigayiya ba ta yi ƙarya ba. Rana ta ce, ba ta ce rabo ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma kowa da ƙafarsa ya tafi.

Ta rasu ta bar eriya ɗaya mai ɗaurin waya, da rigar fata wadda taɓarya ba ta yi wa komai ba, da marayun batira biyu masu tabon haƙori. Ta bar ni. Ta kuma bar gari guda na jahilai waɗanda daga yanzu sai dai su wayi gari kamar awaki, ba su san ko yau ranar mece ce ba. Majalisa ta aiko mini da buzuna ba tare da gaisuwa ba. Wadda ta yi aika-aikar kuwa ta kwashe yara da tukwane ta shiga motar Tsanyawa, garin iyayenta, da kuɗin kazar.

Za a yi jana'iza gobe Asabar bayan azahar. Liman ya ce kada in kuskura in zo masa da wannan magana, saboda haka babu salla. Za a binne ta a cikin rumbuna, domin nan ne wurin da ya fi ko'ina fili a gidan. Za a yi zaman makoki kwana uku a zaure. Babu gumba, babu goro, kowa ya zo da tabarmarsa. Ba sai an tsaya sallama ba, ba mai amsawa daga ciki.

Abu ɗaya ne ya rage. Marigayiya mace ce, wankanta na mata ne, kuma duk garin nan babu macen da ke amsa gaisuwata. Wanda zai bi ta Tsanyawa ya gaya wa Hure ni ban kira ta ba, gawa ce ke jiranta. In za ta zo, ta taho da tukunya.