Dutsen Da Na Gudu Da Shi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da surukata ta cire silifas a gaban baƙon da makarantarmu ta gayyato daga jami'a. Amma bari in faro daga tushe, don ku san ni na ja wa kaina.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Mubi, kuma ina da cutar da ba a zuwa asibiti dominta, wato tara duwatsu. Duk inda na je, Maiha ne ko Lamorde, idona yana ƙasa. So nake in san me ya sa wannan yake ƙyalli, wancan kuma yake marmashewa a hannu. Sannu a hankali na mamaye kabad ɗin kwanukan matata Saratu. Kowane dutse da gwangwaninsa, da shimfiɗar auduga, da 'yar takardar da na rubuta inda na tsince shi. Ran Asabar nakan bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori (Saratu ta ce ko 'ya'yanmu ban taɓa yi wa wanka da irin wannan natsuwar ba, kuma ban musa ba).

Sarkinsu wani baƙin dutse ne cikin tafin hannu, marar nauyi, jikinsa duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, gefe ɗaya kuma sumul. Akwai wata huda da ta ratsa shi ta kusurwa. Na tsince shi a bakin mayo, wato rafi, a Duvu, ranar da muka je gaida surukaina, an ajiye shi tsaf a kan wani falalen dutse. Ya kamata in tambayi kaina wa ya ajiye shi tsaf haka. Ban tambaya ba. Na duba hotuna a wani tsohon littafi, na yanke hukunci cewa murjani ne, halittar teku da ta mutu ta zama dutse. Ma'ana teku ta taɓa kwanciya a Mubi, kuma ni ne na fara ganowa. Hudar nan kuwa na ce bakin halittar ne.

Sai ga shekarar gudu. Da safiyar da 'yan bindiga suka shigo gari, Saratu tana ƙoƙarin goya ƙaramarmu ta ce, "Baban Ladi, ɗauko ambulan ɗin takarduna a kan kabad." Na shiga da gudu, na tsaya gaban kabad, hannuna ya tafi inda ya saba. Na naɗe dutsen a hulata, na cusa a aljihu, muka bi ayarin mutane da ƙafa. Sai da muka kusa Maiha ta tambaye ni ambulan. Na fito mata da hula.

Da muka dawo bayan watanni, an kwashe gidan, an ƙone abin da ya rage, har da takardar shaidar malantarta. Duwatsuna kuwa na same su warwatse a tsakar gida, ko ɗaya ba a ɗauka ba (wannan ma ya isa ya gaya mini wani abu). Aka buɗe ɗaukar malaman firamare, ya wuce ta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Maimakon in tafi Yola in nemo mata wasu takardun, sai na riƙa cewa, "Ki yi haƙuri, wata rana za ki ga darajar dutsen nan." Kunya ce ta hana ni yarda na yi wauta, don haka dole dutsen ya zama wani abu.

Damata ta zo ranar raba kyaututtuka a makarantarmu. Babban baƙo wani dokta ne masanin duwatsu, sai na shirya tebur na jera kayana, sarkin a tsakiya. 'Yarmu Ladi tana cikin masu karɓar kyauta, shi ya sa kakarta, mahaifiyar Saratu, ta zo daga Duvu.

Dokta ya ɗauki dutsen yana jujjuyawa, ni kuma ina ta zuba bayani da ƙarfi don Saratu ta ji. Iyaye sun kewaye mu, shugaban makaranta yana gyaɗa kai. Sai Mama ta kutso ta tsakiyarsu, ta ƙura wa hannun dokta ido.

"Malam," ta ce da ni, "a ina ka samu wannan?"

"Mama, wannan halittar teku ce, tun kafin a yi mutane."

"Teku a ina? Dutsen kafa na ne. Na ajiye shi a mayo, na zaga wanka, na fito babu. Har na yi rigima da matan makwabci na, na ce shi ne ya ɗauka." Ta karɓe shi daga hannun dokta, ta nuna bakin halittata. "Ga ramin da nake sa igiya. Mamana ne ya ba ni."

Na ce wataƙila kama ce. Wannan ne kuskurena na ƙarshe. Mama ta dafa tebur, ta cire silifas, ta ɗaga ƙafa ta fara goge kaushi. Gefen nan mai santsi ya zauna a diddigenta daram.

Dokta mutumin kirki ne, sai da ya yi tari sau biyu kafin ya yi magana. "Dutsen aman wuta ne, Malam. Iska ce ta bar ramukan yayin da yake hucewa. Wannan santsin kuwa aikin Mama ne."

Amma ku ga halin mai cuta: ina tsaye cikin wannan kunyar, sai na ji bakina yana tambaya, "Mama, shekara nawa kuka yi kuna gogawa kafin ya yi sumul haka?" Nan wurin ya fashe da dariya, har da shugaban makaranta.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Saratu ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Baban Ladi, ashe a kan kaushin Mama na rasa takarduna." Wannan ta fi dariyar duka shiga jikina.

Ran Litinin na kama hanyar Yola. Sai da na je sau uku kafin a sake ba ta shaidar, kuma yanzu tana koyarwa a wata firamare a Lamorde. Dutsen ya koma Duvu bakin aikinsa, Mama ta sa masa sabuwar igiya, ta kuma je ta ba matar maƙwabcinta haƙuri.

Ban daina tara duwatsu ba, sai dai yanzu in na ga wani an ajiye shi tsaf, matan wurin nake fara tambaya kafin in buɗe littafi. Gurbin sarkin a sabon kabad kuma bai zauna fanko ba. Ambulan ɗin Saratu ne a wurin, a kan auduga, kuma ran Asabar shi nake fara karkaɗe wa ƙura.