Kalmar da Hajiya Bilƙisu Ba Ta Faɗa

"Lafiya lau, sai kewar amaryata. Da haƙora nawa kika tashi yau?"

"Da waɗanda za su isa su cije ka. Shigo, mijin da bai san hanyar cefane ba."

Da wannan gaisuwar Kamil ya faɗo falon kakarsa Hajiya Bilƙisu, ranar wata Asabar bayan azahar, ina zaune ina taya ta tsince busasshen zogalen da aka aiko mata daga gida. Ni maƙwabciyarta ce a Ulaisha, ƙofa na kallon ƙofa. Kamil kuwa a nan Riyadh aka haife shi, direban wani kamfani ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, amma wajen tsokana Hausarsa ba ta da gyara.

Ga abin da ya sa ta kira shi. Akwai wani fili tsakanin benenmu da masallaci, ba komai cikinsa sai ƙura da kyanwoyi. Sai baladiyya, wato hukumar gari, ta kafa tanti a wurin, ta baza taswira, ta ce kowa ya zo a tsara filin tare, ɗan ƙasa da baƙo. Kowa an ba shi takarda ya rubuta buƙatarsa, da sitika ɗaya ya manna a kan taswirar. Wallahi sai da na sa aka maimaita mini, don tunda nake a garin nan hukuma ba ta taɓa tambayata ra'ayina ba, sai dai iƙamata, takardar izinin zama. Ranar ce ta ƙarshe, da la'asar za a naɗe taswira. Rigimar duk a kan gindin wani dogon bene ce ta yamma da filin: samari na son wurin ajiye motoci, tsofaffi na son benci, kuma har daren jiya ana kunnen doki.

Saura abu ɗaya. Mijin Hajiya, tsohon telan kasuwar Batha da ke kwance a ɗaki, sunansa Malam Inuwa. Shekara hamsin da ɗaya da aurensu, kalmar nan ba ta taɓa fita daga bakinta ba, ko da bishiya take nufi.

"Zauna ka rubuta mini da Larabcin nan naka na aro," in ji Hajiya, ta miƙa masa takardar.

"Yalla, faɗi. Me amarya ke buƙata? Sabon miji?"

"Na yanzun ma ban ga amfaninsa ba. Rubuta benci, a gindin dogon bene."

"Benci ai muhandis, injiniyan nan, ya riga ya zana, guda shida, a tsakiyar fili, har da furanni."

"Wane tsakiyar fili? Mutumin da ya yi zanensa cikin sanyin ofis! Ya zo ya zauna a kai da la'asar mana, in bai tashi da gasasshen mazaunai ba ka canza mini suna."

"To me gindin bene ya fi tsakiyar fili da shi?"

"Abin nan."

"Wane abu?"

"Abin nan da ka sani, ɗan nema."

Kamil ya gyara zama, ya ɗaga biro sama. Ni dai na sunkuyar da kai, don na ga inda ya dosa.

"Jadda," in ji shi, haka yake kiran kaka da Larabci, "takardar hukuma ce fa. Ba a rubuta 'abin nan'. Faɗi sunansa."

"Rubuta sanyi."

"Sanyi. Na rubuta: tsohuwa tana son a kafa mata firji a fili."

"Firjin gidanku! Rubuta maganin rana."

"Maganin rana ai dare ne. Sai baladiyya ta hana gari wayewa saboda ke?"

"Kai, Allah ya haɗa ka da jika irinka! Abin da ke bin mutum a ƙasa in yana tafiya nake nufi."

"Kyanwa?"

"Baƙi! Mai tsawo da yamma!"

"Au! Inuwa kike nufi?" ya faɗa da ƙarfi, da gangan.

Daga cikin ɗaki sai muka ji muryar tsoho: "Na'am? Wa ke kira?"

"Ba kowa, Malam, koma ka kwanta!" in ji Hajiya. Ta wawuri ludayi ta kai wa Kamil duka, ya goce. "Mara kunya! Sunan kakanka gatsal, ko sakayawa babu?"

"Ni ban kira kishiyina ba, ta bango nake magana. Kuma ki sani, ita nake so wa motata. Kullum sai na ajiye ta can bayan baƙala, kantin unguwa, in zo in tarar sitiyari kamar an ciro shi daga murhu. Ga sitikata nan, wurin motoci za ta."

"Mota! Wannan gwangwanin da sai an yi masa addu'a yake tashi? Kai da ita duk ku tsaya a rana, ko kwa nuna."

"Ke fa? Shekarunki sun fi na benen. In aka sa miki benci, baƙi za su riƙa ɗaukar hoto su ce kayan tarihi ne."

"Na yarda. Ko ba komai za a zo kallona. Kai wa ya taɓa waiwayarka? Shekara ashirin da shida, ko kyanwar filin ba ta ce tana so ba."

"Ke kika tare mini ƙofa. Duk wadda ta ji ina da uwargida mai ludayi sai ta gudu. Ki faɗi kalmar kawai, shi ke nan, in rubuta. In ba haka ba ki tafi tantin da kanki ki yi musu bebanci."

Hajiya ta ajiye ludayin. Ta kalli ƙofar ɗakin, ta rage murya.

"Kana tsammani don kaina nake wannan hayaniyar? Ni ina ruwana da benci, ga kujerata. Rabon Malam da sallar jam'i wata bakwai ke nan, tun da ƙafar nan ta taɓu. Sau uku yana gwadawa da la'asar, ina leƙensa ta taga ina ƙirga takunsa. Ɗari da ashirin yake yi, sai numfashi ya ƙare, daidai gindin dogon benen nan. Ba wurin zama, sai ya dafa bango ya juyo gida. Da zai zauna minti biyar, wallahi zai ƙarasa. Yanzu in an kira salla sai ya juya fuskarsa bango, wai barci yake. Ni na san ba barci yake ba."

Ni kam zogalen ya gagare ni gani, sai da na sa gefen mayafi na goge ido. Kamil ya duƙa kan takardar ya yi ta rubutu, layi biyar cur. Na ce a raina yaro ya yi hankali. Ina!

"Saurara in karanta miki," in ji shi. "Ni Bilƙisu, ina roƙon a sa benci a gindin dogon bene, saboda da la'asar nan ne kaɗai ake samun... hayaƙi."

"Wane irin hayaƙi? Inuwa na ce, inuwa!"

Ta kai hannu biyu ta toshe baki, amma aikin gama ya gama. Labulen ɗaki ya motsa. Sai ga Malam tsaye, dafe da sandarsa, hula a karkace.

"Na'am, Bilƙisu," in ji shi. "Shekara hamsin da ɗaya ina jira. Ashe kin san sunan."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, tana salati. Kamil ya faɗi ƙasa yana dariya har da buga ƙafa.

"Na sallama!" ya ce, yana share hawaye. "Kishiyina ya ci. Ungo sitikar, Jadda, tukwicin kiran suna ne. Mota ta ci gaba da gasuwa."

"Ajiye nan, ja'iri. Kuma ban yafe ba," in ji ta daga cikin mayafi, hannunta kuwa tuni ya fito ya cafke.

"Ku miƙo mini takalmana," in ji Malam. "Ni ma an ba ni tawa sitikar. In na gaji a hanya, sai mai zanen ya zo ya gani da idonsa."

Haka muka fita mu huɗu gab da la'asar, muna tafiya da takunsa. Ina jin Hajiya tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Tana cewa ɗari da ashirin, Malam ya tsaya ya dafa bango. Kamil ya ruga tanti, sai ga shi da muhandis, taswira a hannu. Mutumin ya dubi tsohon, ya dubi tsakiyar filin da ke tafasa, ya dubi inda muke tsaye, sannan ya zaro fensir ya ja bencinsa guda biyu zuwa gindin bango. Muka manna sitika huɗu a kai.

Ana cikin haka aka kira salla. Kamil ya kawo kujerar roba daga tanti, Malam ya zauna minti biyar, ya miƙe.

"Riƙe mini amaryarka," ya ce wa Kamil. "Ni na yi gaba, kar sahun farko ya cika."