Yoyon Gindin Lemo

"Lafiya lau muka kwana, Kalilu, sai yanzu da na ga fuskarka."

Haka na amsa masa gaisuwa. Rubuta yadda na faɗa, Rahmatu, kar ki sa masa sukari. Kalilu ɗan gwaggona Zulfa ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, taubashina ke nan, bawana tun ran gini tun ran zane. Shi ke haya a tsohon gidanmu na bayan Kusugu. Ina zaure ina shan kunu ya faɗo, bayansa ga Hafizu mai gyaran famfo da diga a kafaɗa, ya haɗe rai kamar hadarin gabas.

"Ɗantsoho," in ji Kalilu, "ga baƙonka. Ya canja bututun tsakar gida mai yoyon nan. Sallame shi."

"Ni na aike shi?"

"Gidanka ne."

"Gidana ne ranar biya, gidanka ne ranar haƙa? A ina ka taɓa jin an yi wa mutum aski ba ya nan?"

"Wane aski? Kan da ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi?"

"Ka zo ka nemi izinina?"

"Izinin me? Duk ranar da na kawo ƙara sai ka yanko tsohon tiyub ɗin keke ka je ka ɗaure. Bututun nan ya fi mai karaya shan ɗauri."

"Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zub da ruwa. Da ka shiga gidan, makaho ne kai?"

"Haya na kama, ba fadama ba! Kwaɗi sun naɗa mai unguwa a ƙofar ɗakina. Sauro kuwa har sallama yake yi."

"Ka gode Allah ka samu masu gaishe ka. Ban da su wa ke zuwa wurinka?"

Nan Hafizu ya dire diga a ƙasa ya ce, "Baba, ni fa ba wasan taubasai ya kawo ni ba. Bututu da gam duk a shago na ɗauko, ban biya ba. Wannan ya ce mai gida, mai gida ya ce ɗan haya. Yau ake sako ruwa a layinku. In ba a sallame ni ba, kafin azahar zan tone kayana in bar muku rami."

"Tone," na ce. "Wanda ya ɗebo da zafi bakinsa."

"To a cire a kuɗin haya," in ji Kalilu.

"Wace haya? Wadda kake biya da 'Allah ya ƙara girma'?"

"Girman ma asararsa nake yi. Mutumin da ke lasar cokali ya mayar aljihu! Da rowa na kisa, da tuni mun ci gumbarka."

"Da kai za ka fara cika riga da ita. Kai, bar wannan. Yaya lemon tsamin nan na jikin katanga?"

"Ganyensa ya fara nannaɗewa. Tsufa ne, irin naka."

"Tun yaushe?"

"Tun... bayan gyaran nan."

"Gyaran gangar Auzinawa! Kai a tunaninka ban iya ɗaure roba ba ne? Ni da na ɗaure kayan jaki daga nan har Sandamu ko tsinke bai faɗi ba? Da gangan nake barinta sako-sako, sakarai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ɗigon shi lemon yake sha."

"A kan lemon tsami ka mai da ni ɗan kwaɗi?"

"Wa ya dasa shi?"

"Ina na sani? Wani marowaci irinka da ba ya son sayen na kunu."

"Gwaggo Zulfa ce, da hannunta, shekarar da aka jawo famfo gidan. Kana can Kongolam kana cinikin awaki kana faɗuwa. Da ciwo ya kwantar da ita ta ce da ni, 'Ɗantsoho, kar ka bar shi da ƙishi. Kalilu ko akuyarsa mantawa yake ya ba ruwa.'"

Kalilu ya tuɓe hula, ya duba cikinta kamar ya ajiye amsa a ciki.

"Allah ya jiƙan Inna," ya ce a hankali. Sai kuma ya zaburo. "To kai me ya hana ka faɗa mini, tsohon banza?"

"Ubangida yana shawara da bawa? Da ka tambaya kafin ka haƙa, da ka ji."

Hafizu ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne. A fitar da ɗan ƙaramin famfo a gindin lemon, a riƙa buɗe masa da safe. Amma wa zai biya? Kar a sake yi mini waccan."

Na ce, "Cika-ciki ta kusa. Al'ada dai ɗan mace ya yi shara, ɗan namiji ya ba shi kuɗin shara. Wannan tun da ya tara furfura ya daina zuwa, wai shi ya girma. Ga tsintsiya can. Ya share zauren nan a gabanka, ya ce 'ubangidana', in biya bututu da famfon lemo a madadin kuɗin shararsa."

"Ni? Da jikokina?"

"To Hafizu, ɗau digarka."

Kalilu ya dubi diga, ya dubi tsintsiya. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya naɗe hannun riga ya duƙa.

"Na yarda, ubangidana. Don lemon Inna, ba don wannan sanƙon naka ba. Ɗaga ƙafa!"

Ya share kuwa tas, har bayan ƙofa. Sai dai duk ƙurar a ƙoƙon kununa ya juye ta.