Ranar Da Na Zama Uban Kowa

Ba zan taɓa mantawa da ƙaurar da muka yi wa hotunanmu ba, ko na so in manta mutanen Bodinga ba za su bar ni ba.

Muna da wani shafin intanet, irin wanda ake kira wiki, da mu 'yan sa-kai na Bodinga da Shagari muke tara tarihin garuruwanmu a ciki: kasuwanni, fadamun albasa, da hotunan dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. Sai kamfanin da ke ajiye mana shafin ya ce zai rufe, kowa ya kwashe kayansa. Muka sami sabon masauki. Da aka tambayi wanda zai kwashe rumbun hotuna, ni na fara ɗaga hannu (malamin firamare ne ni, amma da yake ina da kwamfuta, ji nake babu injiniyan da ya kai ni).

Akwai hoton da aka ja mini kunne a kansa. Alhaji Buba, wani dattijo daga Dandin Mahe, ya taɓa ara mana hoton mahaifinsa muka ɗauka. Daga baya gara ta cinye na takardar. Wato duk duniya babu sauran fuskar tsohon nan sai wadda ke wurinmu.

To, kun san halinmu. Ɗa ba ya kama sunan ubansa, mace ba ta kama na mijinta. Don haka duk wanda ya ɗora hoton dattijon gidansu, sai ya raɗa wa hoton suna "Malam". A tsohon masauki wannan bai dame mu ba, don shafin kowane dattijo da ma'ajiyarsa. Sabon kuwa wuri ɗaya yake zuba komai, kuma ba ya karɓar hoto biyu masu suna ɗaya, ga shi kowane shafi da suna yake nemo hotonsa. Ni ban san haka ba, ban kuma tambaya ba.

Kafin in fara, na ce bari in gwada da hoto guda. Na ɗauko wanda uwargida ta ɗauke ni a fadamar Danchadi ta turo mini. Ita ma, saboda ladabi, "Malam" ta sa masa. Ya hau lafiya lau. Da na tura sauran, kwamfuta ta fito da wata tambaya da Turanci mai tsawo. Ko rabi ban karanta ba na danna, na tafi shan shayi ina yaba kaina. Ashe cewa na yi a bar na farko, a tsallake duk mai irin sunansa.

Ranar buɗe sabon shafi muka gayyato dattawa, aka shimfiɗa tabarmi, aka kunna majigi. Alhaji Buba ya zo da babbar riga da jikokinsa. Na gyara murya na ce, "Ranka shi daɗe, ga mahaifinka nan, Allah shi jiƙai nai."

Sai ga ni a bango. Singileti a jikina, tumbi a waje, ina shan mangwaro, ruwan har gwiwar hannu. A ƙasa an rubuta shekarar rasuwa.

Na yi maza na tsallaka shafin wani limami na Kajiji. Ni ne. Sarkin noma? Ni ne dai, da mangwarona. Wani tela da ke baya ya ce, "Allah shi gafarta maka, Malam, ashe ka daɗe da rasuwa." Dariya ta ɓarke, na ji kamar in nutse cikin tabarma.

Alhaji Buba kaɗai bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Ɗana, wanga ba shi na ba. Ya ɓace ke nan?"

Nan kunya ta koma tsoro. Ba shiri na buɗe tsohon shafin. Allah ya rufa mini asiri, ba su kai ga rufewa ba. Tsohon ya bayyana da rawaninsa. Alhaji ya matso daf da bango, ya daɗe yana kallo, ya share ido da hannun riga.

Na ce sai an ba hoton sunansa na gaskiya don kada a sake. Ya girgiza kai, ya ce bakinsa bai taɓa faɗa ba, ba kuma yau zai fara ba. Amininsa ne ya raɗa mini a kunne na rubuta. Haka muka bi sauran, kowa maƙwabcinsa na faɗa mini sunan ubansa, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Darasin da na koya: in kwamfuta ta yi tambaya, a karanta kafin a amsa. In kuma dole sai ka gaji iyayen gari guda a rana ɗaya, to ka sa riga.